FASHIN BAƘI: Yadda ake hasashen wasan Najeriya da Ghana, da dalilin da ya sa babu mai iya ba da tabbaci

Duk lokacin da aka haɗa Najeriya da Ghana a fagen ƙwallon ƙafa, kasuwar hasashe kan buɗe tun kwanaki kafin alƙalin wasa ya busa usur. Masu sharhi a rediyo da talabijin su faɗi nasu, shafukan sada zumunta su cika da alƙaluma, kamfanonin caca su fitar da farashi, wani lokaci ma jami'an gwamnati su shiga sahu da alƙawarin nasara. Kowa na magana kamar ya riga ya ga sakamakon, amma kaɗan ne ke bayyana hanyar da suka bi suka kai ga abin da suka faɗa.

Hasashe na gaskiya yana da ƙa'idoji, kuma abin da yake iya bayarwa shi ne ƙiyasin yiwuwar kowane sakamako: kashi nawa cikin 100 ne nasara, kashi nawa canjaras, kashi nawa shan kaye. Wannan bayani ya duba hanyoyin da ake bi wajen fitar da wannan ƙiyasi, tare da auna su da karawar da ƙasashen biyu suka yi a watan Maris na 2022, wadda ta hana Najeriya zuwa Gasar Cin Kofin Duniya a Qatar.

Asalin hamayyar

Ƙasashen biyu sun fara karawa tun farkon shekarun 1950, suna ƙarƙashin mulkin mallakar Birtaniya, lokacin ana kiran Ghana da sunan Gold Coast. A wancan zamani akwai kofin Jalco da suke fafatawa a kansa su biyu. A 1955 ne aka lallasa Najeriya da ci 7 da nema a Accra, kayen da har yau ake lissafa shi a matsayin mafi muni a tarihin tawagar.

Siyasa ta ƙara wa wutar makamashi. A 1969 gwamnatin Firaminista Kofi Busia ta umarci baƙin da ba su da takardun zama su fice daga Ghana, umarnin da ya shafi ɗimbin 'yan Najeriya. A 1983 gwamnatin Shugaba Shehu Shagari ta kori baƙi marasa takardu, cikinsu har da 'yan Ghana kimanin miliyan ɗaya, kuma daga nan jakar da ake kira Ghana Must Go ta samo sunanta. Duk da haka zumunci bai yanke ba. A zangunan Kumasi da unguwar Nima ta Accra, inda Mohammed Kudus ya taso, Hausa ce harshen mu'amala, kuma akwai iyalai da dama masu dangi a ƙasashen biyu.

A cikin fili kuwa, sakamako ya yi ta juyawa. Ghana ta doke Najeriya 2-1 a wasan kusa da na ƙarshe na Kofin Afirka na 1992 a Dakar. Najeriya ta rama da ci 3-0 a Fatakwal a 2001 a neman gurbin Kofin Duniya, ta sake yin nasara 1-0 a Bamako a 2002 da ƙwallon Garba Lawal, sannan 1-0 a Masar a 2006 da bugun tazarar Taye Taiwo. Ghana ta dawo da ci 2-1 a Accra a 2008, duk da an ba kyaftin ɗinta John Mensah jan kati, ta ƙara da 1-0 a Luanda a 2010 da ƙwallon da Asamoah Gyan ya ci da ka. Ghana ta ɗauki Kofin Afirka sau huɗu, a 1963 da 1965 da 1978 da 1982, Najeriya kuma sau uku, a 1980 da 1994 da 2013.

Masu sharhi na son karanto wannan jeri, amma amfaninsa wajen hasashe kaɗan ne. 'Yan wasan da suka buga a 1992 ko 2008 sun daɗe da ajiye takalma. Abu ɗaya da jerin ke nunawa shi ne, a manyan gasa, yawancin karawar ƙasashen biyu da tazarar ƙwallo ɗaya ake rabuwa.

Ma'auni na farko: jadawalin FIFA

Inda mafi yawan masu hasashe ke farawa shi ne jadawalin ƙasashe na Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Duniya, FIFA. Tun daga 2018 hukumar ke amfani da tsarin da aka gina a kan lissafin Arpad Elo, malamin kimiyya ɗan asalin Hangari da ya zauna a Amurka, wanda ya ƙirƙiro shi domin auna gwanayen darar Turawa.

Kowace ƙasa tana da maki. Kafin wasa, ana duba tazarar makin da ke tsakanin ƙasashen biyu a fitar da sakamakon da ake sa rai. Bayan wasa, ƙasar da ta yi abin da ya fi wanda aka sa rai sai ta samu ƙari, wadda ta gaza kuma a rage mata. Nauyin wasa ma yana shiga lissafi: wasan sada zumunta a ranakun da FIFA ta ware yana da nauyin 10, na neman gurbin gasa 25, wasannin Kofin Duniya kuwa 50 zuwa 60.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne ƙanƙantar fifikon da tsarin ke bayarwa. Idan wata ƙasa ta fi wata da maki 100, rabon da lissafin ke ba ta bai wuce kimanin kashi 60 cikin 100 ba. Ko tazarar ta kai maki 200, rabon kashi 68 ne kacal. Ma'ana, ƙasar da ke sama da matakai ashirin ko fiye a jadawali na iya zama ba ta da wata babbar rata. Bugu da ƙari, jadawalin maza na FIFA ba ya la'akari da wanda ke gida, kuma ba ya bambanta nasarar 1-0 da ta 5-0.

Ma'auni na biyu: lissafin ƙwallaye

Masana ƙididdiga kan wuce jadawali su ƙiyasta yawan ƙwallayen da kowace tawaga za ta iya ci, bisa ƙarfin 'yan gabanta da raunin 'yan bayan abokiyar karawa. Daga nan sai su yi amfani da wata ƙa'idar lissafi mai ɗauke da sunan Poisson, masani Bafaranshe na ƙarni na 19, wadda ke auna yiwuwar abubuwan da ba sa faruwa da yawa. A 1997 wasu masana biyu na Birtaniya, Mark Dixon da Stuart Coles, suka gyara tsarin domin ya dace da wasannin da ake tashi da ƙarancin ƙwallaye, kamar 0-0 da 1-1. Har yau ana gina manhajojin hasashe a kan aikin nasu.

A ɗauki misali. A ce an ƙiyasta tawaga ta farko za ta ci ƙwallo 1.4, ta biyu kuma 1.1. Lissafin zai ba ta farkon kimanin kashi 44 cikin 100 na yin nasara, canjaras kusan kashi 27, saura kuma nasarar ta biyun. Wato tawagar da ta fi ƙarfi a takarda ta fi kusa da rashin cin wasan fiye da cin sa. Sakamakon da ya fi kowanne yiwuwa a wannan misali shi ne 1-1, shi ma rabonsa bai wuce kashi 13 ba. Saboda haka duk wanda ya bugi ƙirji ya faɗi ainihin adadin ƙwallayen da za a tashi da su, ko da ya zaɓi mafi dacewa, zai yi kuskure kusan sau bakwai cikin takwas.

Dalilin shi ne ƙarancin ci a wannan wasa. A ƙwallon kwando ana zura ƙwallo sau da dama, don haka wanda ya fi gwaninta kan yi rinjaye kafin lokaci ya cika. A ƙwallon ƙafa kuwa, ƙwallo ɗaya da ta daki turke ko ta kuɓuce wa mai tsaron raga ta isa ta yanke hukunci.

Akwai kuma ma'aunin ingancin damar cin ƙwallo, wanda ake yi wa laƙabi da xG. Yana duba inda aka buga ƙwallo, da kusurwa, da sashen jikin da aka yi amfani da shi, ya ba kowane hari daraja. Yana da amfani sosai a gasannin lig inda ake buga wasa kusan arba'in a kaka. Tawagogin ƙasa kuwa wasanninsu kaɗan ne a shekara, kuma 'yan wasan na sauyawa, don haka alƙaluman ba su da kaurin da za a jingina da su sosai.

Ma'auni na uku: farashin kamfanonin caca

Farashin da kamfanonin caca ke fitarwa shi ma hasashe ne, an dai rubuta shi da wata siga. Idan aka raba 100 da farashin, sai a samu kason yiwuwar da kamfanin ya ƙiyasta. Farashin 2.00 na nufin kashi 50, farashin 4.00 kuma kashi 25.

A ce, a matsayin misali, an sa nasarar tawaga ɗaya a 2.10, canjaras a 3.10, nasarar ɗayar a 3.60. Idan aka juya su zuwa kaso, za a samu 47.6 da 32.3 da 27.8. Jimilla 107.7 ke nan, alhali yiwuwar dukkan sakamako ba ta wuce 100. Wannan rarar ta 7.7 ita ce ribar da kamfani ya riga ya dasa a cikin farashin, ko wace ƙasa ce ta yi nasara.

Lamarin ya fi muni ga masu haɗa wasanni da yawa a tikiti guda. Ko da kowane wasa na da yiwuwar kashi 70 cikin 100, haɗa biyar na sauke yiwuwar cin tikitin zuwa kusan kashi 17, haɗa goma kuma zuwa ƙasa da kashi 3. Ribar kamfani kuma tana ninkuwa da kowane wasa da aka ƙara. A wasan hamayya akwai ƙarin tarko, domin kishin ƙasa na tura magoya baya su zuba kuɗi a kan ƙasarsu ba tare da duba farashi ba.

Gwajin Maris na 2022

Kafin karawar neman gurbin Qatar, kusan duk alamu na gefen Najeriya. Tana cikin ƙasashe biyar da aka sa a tukunyar manya bisa jadawalin FIFA, tare da Senegal da Maroko da Aljeriya da Tunisiya, abin da ya ba ta damar buga wasa na biyu a gida. A Kofin Afirka da aka yi a Kamaru a watan Janairun shekarar, ta ci dukkan wasanninta uku na rukuni a Garwa, ciki har da nasara a kan Masar, kafin Tunisiya ta cire ta a zagaye na biyu. Ghana kuwa a rukuni aka yi waje da ita, bayan Comoros ta doke ta 3-2. Ta sallami kocinta Milovan Rajevac, ta miƙa wa Otto Addo riƙon ƙwarya, sannan kyaftin ɗinta Andre Ayew yana ƙarƙashin dakatarwa.

Sai dai akwai alamun da aka yi wa riƙon sakainar kashi. Ita ma Najeriya ba ta daɗe da sallamar Gernot Rohr ba, a Disamban 2021, aka ɗora Augustine Eguavoen. Wilfred Ndidi na jinya, Alex Iwobi na ƙarƙashin dakatarwa, mai tsaron raga Maduka Okoye kuma bai samu zuwa ba saboda rashin lafiya.

Ranar 25 ga Maris aka tashi babu ci a filin Baba Yara da ke Kumasi. Ranar 29 ga wata, a filin Moshood Abiola da ke Abuja, Thomas Partey ya ɗaɗo ƙwallo daga nesa cikin mintuna na farko-farko, ta ratsa ta ƙarƙashin mai tsaron raga Francis Uzoho. William Troost-Ekong ya farke da bugun fenareti, aka soke wata ƙwallo da Victor Osimhen ya zura saboda satar gida, aka tashi 1-1. Ghana ta wuce bisa dokar fifita ƙwallon da aka ci a waje. Najeriya ba ta sha kaye ko sau ɗaya ba a wasannin biyu, amma ta rasa gurbin.

Wannan ya nuna bambancin tambayoyi biyu da ake yawan cakuɗa su: wa zai ci wasa, da wa zai tsallake. Tashi 0-0 a Kumasi, wanda mutane da yawa suka ɗauka nasara ce, ya bar Najeriya cikin halin da kowane canjaras mai ƙwallaye a Abuja zai fitar da ita.

Idan aka dubi zagayen baki ɗaya, cikin ƙasashe biyar na tukunyar manya uku ne suka tsallake, wato Senegal da Maroko da Tunisiya. Aljeriya ma ta faɗi a gidanta a Blida, inda Karl Toko Ekambi na Kamaru ya ci ƙwallo a daƙiƙun ƙarshe na ƙarin lokaci. Uku cikin biyar shi ne kashi 60, daidai da irin fifikon da lissafi ke ba wanda ya ɗan fi ƙarfi. Lissafin bai yi ƙarya ba. Masu karanta shi ne suka mayar da rinjaye kaɗan ya zama tabbaci.

Abubuwan da alƙaluma ba sa kamawa

Tawagar ƙasa kan haɗu ne kwanaki kaɗan kafin wasa, 'yan wasa na tahowa daga ƙungiyoyi masu salo daban-daban, wasu bayan doguwar tafiya daga Turai. Tara tauraron 'yan wasa bai zama tawaga ba, shi ya sa ƙiyasin da aka gina a kan darajar 'yan wasa a kasuwa ke yawan ruɗar mutane.

Wasa a gida na da tasiri, kuma an ga raguwarsa a gasanni da dama lokacin da annobar korona ta sa aka buga wasanni babu 'yan kallo. Amma taron gida takobi ne mai kaifi biyu, domin idan aka fara zura wa mai gida ƙwallo, ihun goyon baya na iya komawa matsin lamba.

Sai batun alƙalanci. A Nuwamban 2016, a wasan neman gurbin Kofin Duniya tsakanin Afirka ta Kudu da Senegal, alƙali Joseph Lamptey ɗan Ghana ya ba da fenareti a kan taɓa ƙwallo da hannu, alhali ƙwallon ƙafar Kalidou Koulibaly ta taɓa. FIFA ta same shi da laifin murɗe sakamako, ta dakatar da shi har abada a 2017, aka kuma sake buga wasan. Babu wata manhaja da za ta iya hango irin wannan daga tarihin ƙwallaye.

Masu sayar da tabbaci

A Kofin Duniya na 2010, wata halittar ruwa mai hannaye takwas da aka sa wa suna Paul, a gidan adana kifaye na Oberhausen a Jamus, ta yi suna bayan zaɓinta ya dace da sakamakon wasanni takwas a jere. Idan aka ɗauki kowane zaɓi kamar jefa kwabo, yiwuwar haka ɗaya ce cikin 256. Wato a cikin mutum 256 da ke cankar sakamako da ka, ana sa ran ɗaya zai dace a duka takwas ɗin. Shi za a sani, sauran 255 kuwa babu mai jin labarinsu.

A kan wannan dabara masu tallar "tabbataccen sakamako" a Telegram da WhatsApp ke cin abinci. Mutum na iya aika wa rukuni ɗaya cewa Najeriya za ta ci, wani rukunin Ghana, na uku canjaras. Dole ɗaya ya dace, kuma waɗanda suka ga dacewar su ne za a nemi su biya kuɗin shiga na gaba. Ana nuna tikitin da ya ci, ana goge wanda ya faɗi.

Manyan cibiyoyi ma ba su tsira ba. Bankin Goldman Sachs na Amurka ya fifita Brazil a 2014, sai ga Jamus ta yi mata 7-1 a gidanta. A 2022 Saudiyya ta doke Ajantina 2-1, ta katse mata jerin wasanni 36 ba tare da shan kaye ba, kuma Ajantinar ce ta ɗauki kofin daga bisani.

Ta fuskar doka, a Nuwamban 2024 Kotun Ƙoli ta Najeriya ta yanke hukuncin cewa jihohi ne ke da hurumin tsara harkar caca a yankunansu, ta soke aiki da dokar tarayya ta 2005 a cikin jihohin. A Kano, Hukumar Hisbah ta rufe shagunan cacar wasanni a shekarar. Sai dai cacar da ake yi ta wayar hannu ba ta buƙatar shago.

Idan hasashe ya zama alƙawari

Ranar wasan Abuja, Gwamnatin Tarayya ta sallami ma'aikata da wuri domin su je su mara wa Super Eagles baya. Da aka busa tashi, 'yan kallo suka kutsa cikin fili, suka farfasa kayayyaki, jami'an tsaro suka harba hayaƙi mai sa hawaye. Wani likita ɗan Zambiya da ke aikin gwajin ƙwayoyi a wasan, Dakta Joseph Kabungo, ya rasu a daren, inda hukumar ƙwallon Najeriya ta ce bugun zuciya ne. FIFA ta ci tarar Najeriya kuɗin Suwizalan faran 150,000, tare da umarnin buga wasa ɗaya babu 'yan kallo.

Ba shi ne karon farko ba. A Fabrairun 1973 an dakatar da wasan neman gurbin Kofin Duniya a Legas saboda tarzomar 'yan kallo, lokacin Ghana na gaba da ci 3-2, daga baya aka ba ta wasan da ci 2-0. A nan ne tarihin hamayya ke da amfani na gaske. Bai faɗin wanda zai ci, amma yana gargaɗin abin da ka iya biyo bayan shan kaye, kuma wannan hasashe ne da ya rataya a wuyan hukumomin ƙwallo da jami'an tsaro. Taron da aka shaida wa cewa nasara tabbas ce, idan ta kuɓuce, zai nemi wanda zai ɗora wa laifi.

Yadda za a auna kowane hasashe

Mai karatu na iya tantance hasashen da aka kawo masa da tambayoyi biyar. Shin an faɗi kaso, ko kuwa an yanke hukunci ne kawai? An ba canjaras rabonsa, wanda a irin wannan karawa kan zarce kashi ɗaya cikin huɗu? An duba waɗanda za su buga a zahiri, da masu jinya da waɗanda aka dakatar? An fayyace dokar gasar, ko akwai fifita ƙwallon waje, ko ƙarin lokaci, ko bugun fenareti? Sannan mai hasashen, me zai samu idan aka gaskata shi, kuma yana nuna kurakuransa na baya kamar yadda yake nuna inda ya dace?

Najeriya ta doke Ghana 2-1 a wasan sada zumunta a Marrakesh a Maris na 2024, ta sake yin haka a Landan a Mayun 2025. Masu hasashe za su riƙa kafa hujja da waɗannan a karawa ta gaba. Yana da kyau a tuna cewa duka biyun da tazarar ƙwallo ɗaya aka rabu, kuma babu gurbin wata gasa da ya rataya a kansu.